Yadda ake gwada ko man shafawa na cutar fangas yana sa fata ta kasa jure hasken rana

Tambaya: Likita ya rubuta mini man shafawa saboda ƙyasbi da ya fito mini a wuya da ƙirji, kuma aikina cikin rana yake. Na ji an ce kafin a fitar da irin wannan magani ana gwada shi a ga ko yana sa fata ta riƙa ƙonewa idan rana ta taɓa ta. Yaya ake yin wannan gwaji, kuma idan an ce magani ya tsallake shi, ke nan ba ni da abin fargaba?

Amsa: Malam mai tambaya, abin da ka ji gaskiya ne, ana yin wannan gwaji, kuma mayukan fangas da aka daɗe ana amfani da su, irin su clotrimazole da miconazole da terbinafine, ba a san su da jawo wannan matsala ba sai nadiran. Sai dai kashi na biyu na tambayarka ya fi na farko nauyi, domin ba za a gane iyakar abin da tsallake gwaji yake nufi ba sai an san yadda aka tsara gwajin, da irin mutanen da aka yi shi a kansu, da abin da aka kwatanta da abin da aka gani. Saboda haka zan bi matakan yadda suke, sannan in dawo kan halin da kake ciki.

Ba haka kawai masu kula da ingancin magunguna suka ɗora wa kamfanoni wannan aiki ba. A Ingila, tsakanin 1960 da 1961, mutane masu yawa sun kamu da ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a fuska da wuya da bayan hannu, aka bi diddigi aka gano cewa wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da aka zuba a sabulu, mai suna tetrachlorosalicylanilide, shi ne yake haɗuwa da hasken rana ya tayar da fatar. Abin da ya fi tayar da hankalin likitoci shi ne waɗansu daga cikin mutanen sun ci gaba da kasa jure rana shekaru bayan sun daina taɓa sabulun. Ba a jima ba aka ga irin wannan a Ostareliya da magungunan fangas na shafawa na wancan zamani, wato fentichlor da buclosamide, waɗanda likitan fata Burry ya bayyana illarsu a ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1970. A 1975 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta hana saka dangin wancan sinadari na sabulu a kayan kwalliya. Ke nan magungunan fangas na shafawa suna cikin waɗanda suka koya wa likitoci wannan darasi tun farko, shi ya sa ba a ɗaukar sabon mai da wasa ko da danginsa sun yi suna da lafiya.

Rashin jure hasken rana da magani ke jawowa iri biyu ne, kuma duk tsarin gwajin a kan bambancinsu aka gina shi. Na farko shi ne wanda za a iya kira gubar haske. Sinadarin maganin yana zaune a cikin fata, sai ya sha haske, ƙarfin hasken ya shige shi, shi kuma ya miƙa wannan ƙarfi ga iskar oksijin da ke kewaye da shi, ta rikiɗe ta zama mai cin ƙwayoyin halittar fata. Wannan ba ruwansa da garkuwar jiki, kuma yana iya samun kowa tun a shafawar farko muddin maganin ya isa yawa, hasken ma ya isa yawa. Yana bayyana da wuri, cikin mintuna ko sa'o'i, da raɗaɗi da ja da kumburi, wani lokaci har da bororo, yana tsayawa daidai inda magani da haske suka haɗu, kuma sau da yawa yana barin tabo mai duhu. Na biyu shi ne alajin haske, inda hasken yake canza sinadarin ya zama wani abu da ke manne wa furotin ɗin fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin baƙo ta haddace shi. Wannan ba ya samun kowa, ba ya fitowa a karon farko, amma da zarar jiki ya haddace shi, ɗan kaɗan na magani da ɗan kaɗan na haske sun isa su tayar da ƙuraje masu ƙaiƙayi bayan kwana ɗaya zuwa uku, kuma suna iya bazuwa har wuraren da tufafi ya rufe. Gwajin da zai kama na farko ba zai kama na biyu ba, don haka gwaje-gwaje biyu ake yi daban-daban.

Mataki na farko ba ya buƙatar mutum ko dabba. Ana narkar da sinadarin a saka shi a na'urar da ke auna irin hasken da yake sha, domin abin da bai sha haske ba haske ba zai iya tayar da shi ba. Hasken ranar da ke isowa ƙasa yana farawa ne daga tsawon zango na kusan nanomita 290 (tsawon zango shi ne abin da ake rarrabe nau'o'in haske da shi, kuma da nanomita ake auna shi), saboda sararin samaniya yana hana wanda ya fi haka gajarta isowa. Daga 290 zuwa 320 shi ne UVB, mai ƙona fata, daga 320 zuwa 400 shi ne UVA, wanda ya fi shiga cikin fata, yana ratsa gilashin taga, kuma shi ne ke tayar da mafi yawan magungunan da ke da wannan illa, sai kuma hasken da ido ke gani har zuwa 700. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ake bi a wannan fanni, wadda majalisar daidaita ƙa'idojin magunguna ta ICH ta fitar a 2013 da lamba S10, ta ce idan sinadari bai sha haske tsakanin nanomita 290 da 700 da ƙarfin da ya wuce 1000 a ma'aunin shan haske na sinadarai ba, to ba a sa ran zai yi gubar haske kai tsaye. Clotrimazole da miconazole mafi yawan hasken da suke sha yana ƙasa da 290 ne, wato hasken da ba ya isowa fatar mutum daga rana, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa tarihinsu ya yi kyau. Terbinafine da naftifine kuwa suna da wani zobe a gininsu da ke shan haske a bakin iyakar UVB, saboda haka irinsu sun fi cancantar a ci gaba da bincike. Abin lura a nan shi ne ba sinadarin maganin kaɗai ake dubawa ba, har da sauran abubuwan da aka haɗa man da su, domin ƙamshi ko abin hana lalacewa yana iya zama mai laifin. Man lemun bergamot da turaren musk ambrette sanannu ne a wannan, kuma babu ɗayansu da yake magani.

Idan sinadarin yana shan haske, sai a wuce zuwa gwajin ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda aka fi amfani da shi shi ne wanda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD ta amince da shi a 2004 da lamba 432. Ana shuka ƙwayoyin halittar ɓera da ake kira 3T3 a faranti biyu masu ramuka 96 kowanne, a zuba musu maganin a matakan ƙarfi takwas, a bar su awa ɗaya, sannan a haska faranti ɗaya da UVA jul 5 (jul ma'aunin adadin ƙarfin hasken da aka bayar ne) a kan kowace murabba'in santimita, ɗayan kuma a ajiye shi a duhu. Washegari a zuba wani jan rini wanda ƙwayoyin da ke raye kaɗai ke iya sha, a auna nawa suka rayu a kowane faranti. Idan adadin maganin da ke kashe rabin ƙwayoyin a duhu bai kai ninki biyu na wanda ke kashe rabinsu a haske ba, ana ɗaukar babu gubar haske, idan kuma ya wuce ninki biyar, akwai, tsakanin biyu da biyar kuwa ana buƙatar ƙarin bayani. Ana saka chlorpromazine, wanda an tabbatar yana da wannan illa, a matsayin shaida cewa gwajin yana aiki. Wannan gwaji yana da saurin zargi, yana kama sinadarai da yawa waɗanda daga baya ba sa yi wa mutum komai, amma idan ya wanke sinadari, wankewar tana da ƙarfi. Rauninsa ga man shafawa shi ne ba a iya zuba kirim mai maiƙo a kan ƙwayoyin da ke cikin ruwa, shi ya sa aka samar da fatar ɗan'adam da ake ginawa a ɗakin gwaji, mai saman da ya yi kama da na fata ta gaske, wadda za a iya shafa wa man kamar yadda zai fito kasuwa. OECD ta amince da wannan hanya a 2021 da lamba 498. Akan kuma yi amfani da dabbobi a wasu lokuta, amma game da alajin haske ƙa'idar S10 ba ta dogara da gwajin dabba ba, domin ba a tabbatar yana hasashen abin da zai faru ga mutum ba.

Daga nan ne ake zuwa ga mutane, kuma a ganina nan ne ainihin amsar tambayarka take. Tushen hanyoyin da ake bi har yau aikin likitocin fata Kaidbey da Kligman ne, waɗanda suka bayyana gwajin gubar haske a jikin mutum a 1978 da na alajin haske a 1980. Masu sa-kai ne masu lafiya ake ɗauka, bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da tsarin kuma kowannensu ya sa hannu bisa sanin abin da za a yi masa. Ba a ɗaukar mai ciki, ko wanda ke da cutar da dama take hana jure rana kamar lupus, ko wanda ke shan maganin da aka san yana da wannan illa kamar doxycycline, ko mai shan maganin da ke danne kumburi, domin irin waccan cuta da magani irin doxycycline za su kawo jan da ba na man ba, maganin kumburin kuma zai ɓoye jan da yake na man.

Kafin a shafa komai, sai an auna fatar kowane mutum. Ana amfani da fitila mai kwaikwayon hasken rana, a haska ƙananan wurare a jere a bayansa, kowane wuri ya ɗan fi na gabansa samun haske, sannan a duba washegari a ga wuri na farko da ya yi ja mai bayyanannen gefe. Wannan adadi shi ne mafi ƙarancin hasken da ke sa fatar wannan mutum ta yi ja, kuma da shi za a auna duk hasken da za a ba shi daga baya. Ba don wannan ba, hasken da bai taɓa wani ba zai ƙone wani, a ɗora wa magani laifin da ba nasa ba.

A gwajin gubar haske, wanda yawanci ake yi da mutum kusan 30, ana zana wurare a baya gida biyu, dama da hagu. A kowane gida akwai wurin da aka shafa man mai ɗauke da magani, da wurin da aka shafa man da aka haɗa da komai amma babu sinadarin maganin a ciki, sau da yawa kuma da wurin da ba a shafa komai ba. Ana rufe su da filasta har awa 24 domin maganin ya shiga fata fiye da yadda zai shiga a amfani na yau da kullum. Sai a cire filastar, a haska gida ɗaya da UVA mai yawa, a tsare-tsare da dama jul 16 a kan murabba'in santimita, a ƙara da rabin adadin da ke sa fatar mutumin ta yi ja, ɗaya gidan kuma a rufe shi kada haske ya taɓa shi. Rabi ake bayarwa da gangan, domin hasken shi kaɗai kada ya isa ya jawo ja, ta yadda duk jan da ya fito za a nemi dalilinsa a wani wuri. Mai dubawa, wanda ba a gaya masa abin da aka shafa a kowane wuri ba, yana ba kowane wuri maki bayan awa 24 da 48 da 72, daga babu komai, zuwa ja kaɗan, zuwa ja da kumburi, zuwa bororo.

Karanta sakamakon shi ne inda ake bukatar natsuwa. Idan wurin magani ya yi ja a gidan da aka haska da wanda ba a haska ba daidai wa daida, to man yana cin fata ne kawai, haske ba shi da hannu. Idan duk wuraren da aka haska sun yi ja, har da wanda ba a shafa wa komai ba, to hasken ne ya yi yawa. Idan man da babu magani a cikinsa ya yi ja a haske kamar mai maganin, to laifin yana cikin kayan haɗin. Ba a cewa magani yana da gubar haske sai wurin da magani da haske suka haɗu ya fi duk sauran wuraren tashi a fili. Jan wuri guda, shi kaɗai, ba hujja ba ne a kan komai, kuma ina so ka riƙe wannan domin zai yi maka amfani idan wani abu ya fito a fatarka.

Gwajin alajin haske ya fi tsawo, yana ɗaukar kusan mako shida, kuma yawanci ana nufin mutum kusan 50 su kammala shi. Tunda alaji sai jiki ya koya, dole a ba shi damar koyo. A makonni uku na farko, sau biyu a mako, ana shafa man a wuri ɗaya, a rufe awa 24, a buɗe a haska da hasken da ya kai kusan ninki biyu na wanda ke sa fatar ta yi ja, har sau shida. Wannan matsi ne da gangan, domin fatar da ta ɗan ƙone ta fi saurin koyon alaji. Sai a huta kwana 10 zuwa 14 ba a shafa komai, lokacin da garkuwar jiki ke buƙata ta gama haddacewa idan za ta haddace. Bayan hutun sai a koma sabon wuri a bayan, wanda bai taɓa ganin man ba, a shafa gida biyu, a haska ɗaya da ɗan haske kaɗan, a bar ɗaya a rufe, a bi su da dubawa har kwana uku. Alajin haske yana nuna kansa da ƙuraje da kumburi da ƙaiƙayi a wurin da aka haska kaɗai, kuma maimakon ya ragu da kwanaki sai ya ƙaru, saɓanin cin fata na yau da kullum wanda ke lafawa da zarar an cire filasta. Wanda aka yi shakka a kansa akan sake gwada shi bayan wasu makonni.

Akwai misali na gaske da ke nuna cewa sakamakon ba kullum yake fitowa a wanke ko a kama ba. Kumfar maganin fangas ketoconazole mai suna Extina, wadda aka amince da ita a Amurka a 2007, takardar bayaninta ta ce a gwajin alajin haske mutum 9 cikin 53 sun nuna alama a matakin ƙarshe, amma a wurin da aka haska da wurin da ba a haska ba duka. Bisa ƙa'idar da na bayyana, wannan ya fi nuna alajin taɓawa na yau da kullum, amma tunda alajin taɓawa yana iya rufe alajin haske idan suna tare, sai aka rubuta gargaɗi a takardar cewa maganin yana iya jawo alajin taɓawa har da na haske. Ina ganin wannan hukunci daidai ne, domin inda gwaji ya kasa raba abu biyu, gara a gaya wa mai amfani da magani duka biyun. Misalin yana kuma nuna cewa hukuncin na wannan haɗin ne, ba na kowane abu mai ɗauke da ketoconazole ba, domin kirim da kumfa da sabulun wanke kai kayan haɗinsu daban ne, yadda suke shigar da magani cikin fata ma daban ne.

Yanzu ga iyakar abin da tsallake gwaji yake nufi. Abu na farko lissafi ne. Idan aka gwada mutum 50 babu wanda ya nuna alama, ƙa'idar ƙididdiga ta ce abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne matsalar ba ta wuce kusan kashi 6 cikin 100 ba, idan kuma mutum 30 ne, kusan kashi 10. Ga gubar haske wannan bai dame ni sosai ba, tunda tana samun kusan kowa idan an matsa, kuma an matsa. Ga alajin haske kuwa, wanda yana iya samun mutum ɗaya cikin dubbai, gwajin yana kama sinadari mai ƙarfin jawo alaji ne kawai, irin na sabulun Ingila, ba zai ga mai rauni ba. Irin wannan sai bayan magani ya shiga hannun jama'a ake gano shi ta rahotannin likitoci da masu harhaɗa magunguna. Abu na biyu, fatar bayan mai lafiya ba ɗaya take da fatar da fangas ya ci ba, wadda ta tsage ko take saɓa, kuma magani ya fi shiga cikinta, ko da yake rufewa da filasta yana rage wannan tazara.

Abu na uku shi ne wanda na fi so a gyara a wannan fanni. Saboda makin gwajin a kan ganin ja aka gina shi, yawancin waɗannan gwaje-gwaje ana yin su ne a kan masu farar fata, rukuni na ɗaya zuwa na uku a ma'aunin nau'o'in fata da likitan fata Fitzpatrick ya fara tsarawa a 1975. Hujjar masu yin haka ita ce farar fata ta fi saurin nuna illa, don haka abin da bai taɓa ta ba da wuya ya taɓa mai duhu, kuma akwai gaskiya a ciki game da UVB. Amma baƙar fata ba ta tare UVA gaba ɗaya, alaji kuma ba ya duba launi, sannan a fata mai duhu illar ba lallai ta fito da ja ba, tana iya fitowa da duhu mai ɗaukar ido, ko launin toka, ko kauri da ƙaiƙayi, ta kuma bar tabon da zai yi watanni. Mai baƙar fata bai kamata ya ɗauka cewa launinsa ya kare shi ba, kuma likitan da ke duba shi bai kamata ya tsaya neman ja kaɗai ba.

Game da halinka, wuya da ƙirji wurare ne da rana ke samu, ba kamar tsakanin yatsun ƙafa ko matsematsi ba, don haka tambayarka tana kan hanya. Karanta takardar da ke cikin kwalin man, idan babu gargaɗi game da rana, ka shafa yadda likita ya ce, ka wanke hannu bayan shafawa domin kada ka kai shi fuska, ka ci gaba da aikinka, rufe wurin da riga kuma ba zai cutar da kai ba. Kada ka yanke maganin saboda tsoron abin da bai faru ba. Akwai kuma abubuwa uku da ake yawan ɗauka a matsayin illar rana alhali ba ita ba ce. Ƙyasbi kansa yana hana fatar da ya kama yin duhu, don haka idan ka sha rana sai kewayen ya ƙara duhu, tabon ya ƙara fitowa fili, kuma wannan bambancin launi yana iya ɗaukar watanni bayan fangas ɗin ya mutu. Ɗan zafi ko raɗaɗi na mintuna bayan shafawa, musamman idan ana gumi, cin fata ne da aka saba gani. Sannan idan an haɗa maka da maganin sha, shi ya fi cancantar zargi, domin griseofulvin, wanda ake bayarwa saboda makero, sananne ne da rage jure rana, voriconazole kuma ya fi shi tsanani nesa ba kusa ba, har an danganta daɗewa ana shan sa da kansar fata. Haka nan ka duba ko man naka haɗi ne da sinadarin sitiroyid, domin wannan yana sirantar da fata idan an daɗe, yana kuma ɓoye kumburin da da shi za a gane matsala.

Idan kuwa wani abu ya fito, ka lura da iyakarsa kafin komai. Illar haske tana bin inda rana ta sauka, sai ka ga ta tsaya cak a bakin wuyan riga kamar an ja layi, ta bar ƙarƙashin haɓa da bayan kunne da ƙarƙashin madaurin agogo lafiya lau, alhali wurin da ka shafa wa man a ƙarƙashin riga bai yi komai ba. Idan wurin da ke rufe ya tashi daidai da wanda ke buɗe, to ba rana ba ce. Ka dakatar da man, ka rufe wurin, ka ɗauki hotonsa da rana tun bai canza ba, ka koma wurin likita da kwalin man da sunayen duk abin da kake sha ko shafawa, har da turare da sabulu da man kare rana. Kada ka gwada kanka ta hanyar shafawa ka zauna a rana, domin ba ka da hanyar auna hasken, kuma idan alaji ne kana ƙara koya wa jikinka shi. Idan akwai bororo mai faɗi, ko zazzaɓi, ko kumburin fuska, ko ciwo a baki da idanu, wannan na gaggawa ne.

Likitan fata yana da nasa gwajin na mutum ɗaya, wanda ya ginu a kan kwatancen da na bayyana. Bayan fatar ta warke, zai manna jerin sinadaran da ake zargi gida biyu a bayanka, har da man naka, a bar su awa 24 ko 48, sannan a haska gida ɗaya da UVA jul 5 a kan murabba'in santimita, a duba bayan kwana biyu ko fiye. Tashi a gidan da aka haska kaɗai alajin haske ne, tashi a duka biyun daidai alajin taɓawa ne, tashi a duka biyun tare da fifikon wanda aka haska kuma yana nuna akwai duka biyun. Sau da yawa abin da ake kamawa a wannan gwaji ba maganin fangas ba ne, sinadaran man kare rana ne irin su oxybenzone, ko man ciwon gaɓoɓi irin su ketoprofen. Duk abin da aka kama, ka nemi a rubuta maka sunansa da na danginsa da za ka guje wa, ka kuma roƙi likitan ya kai rahoto ga hukumar kula da magunguna ta ƙasarku, sannan a sauya maka maganin ƙyasbin da wani daga dangi daban domin a kammala jinyar.